Je Ki Ɗauko Takalminki

Kun yi ta tambayata me ya sa aka sa min rana amma ba na ɗoki. Wata ma cewa ta yi ko dai ba na son Maje ne, in fito fili in faɗa. Ina son shi, wallahi ina son shi. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne, akwai yarinya a gidanmu da ke kwana da takalmi a ƙafa.

Sunanta Raudha, 'yar yayata Ikrama, Allah ya ji ƙanta. Ba ta cika shekara shida ba. Takalmin na roba ne, ja, mai maɗauri ta baya, da ɗan fure a sama wanda na ƙafar hagu ya riga ya ɓalle. Uwarta ce ta saya mata na ƙaramar salla a shekarar da ta rasu. Ya daɗe da yi mata kaɗan. Yatsunta a tanƙware suke a ciki, dunduniyarta duk ƙuna, amma da shi take wanka, da shi take hawa gado. Islamiyya ma sun dawo mana da ita, don malamarsu ta ce ba a hawa tabarmar karatu da takalmi, ita kuma ta gwammace ta tsaya a bakin ƙofa har a tashi. Ranar da Inna, mahaifiyarmu, ta lallaɓa ta zare mata shi tana barcin rana, ihun da ta yi sai da maƙwabta suka shigo da bokitai, sun zaci gobara ce.

Da takalmin ne kaɗai, da na haƙura. Kullum da safe cikinta na ciwo, an yi awo an ce ba komai. Bakin hijabinta duk ta tauna shi ya zama zare. In na shiga banɗaki tana tsaye a ƙofa.

“Anti Ma'u, kina ciki?”

“Ina ciki, Raudha.”

“To yi ta magana.”

In kuwa na miƙa hannu zan ɗauki mayafi, sai ka ga jikinta ya ɗauki rawa kamar mai zazzaɓi. Sauran lokutan a soro take zama, idonta a kan titi. Duk adaidaita sahun da ya tsaya a bakin lungunmu na Fagge sai ta miƙe tsaye, ta jira ta ga wanda zai fito, sannan ta koma ta zauna.

Inna ba ta faɗin sunan Yaya Ikrama, kun san 'yar fari ce. Takan dai kalli Raudha ta rage murya ta ce, “Waccan ce take kiran ta.” In ta faɗi haka sai tsigar jikina ta tashi. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi tofi. Babanta direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanyar Legas, in ya kira sai ya ce a yi mata duk abin da ya dace. To mene ne abin da ya dace?

A haka Maje yake zuwa zance. Shagon wayoyin lantarki gare shi a kasuwar Sabon Gari, gidansu a Rijiyar Lemo. Zai zo cikin shadda ruwan toka, ƙamshinsa ya riga shi shiga soro, in shimfiɗa masa darduma, Raudha kuma ta zauna a tsakaninmu hannunta a dunƙule cikin hijabina. Yakan kira ta “'yar sandar Fagge”. Ba ta taɓa yi masa dariya ba.

Bayan an sa rana na tura masa saƙo.

“Maje, in an kai ni, Raudha fa?”

Alamar saƙon ta yi shuɗi, ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Abin da ya shigo a ƙarshe shi ne, “Kin ci abinci?”

Sai washegari ya ƙara da cewa, “Hajiyata ta ce amarya ba ta tarewa da goyo. Kuma ta ji labarin yarinyar.”

“Wane labari?”

“Kin dai san mutane.”

Na sani. A lungunmu ana cewa Raudha na da iska.

Amma kada ku yi saurin zagin shi, don shi ne ya kawo min lambar Madam Dina. Maƙwabcinsa a kasuwa, Obinna, yana da yaro da ya daina magana bayan ɓarayi sun shiga gidansu, kuma wurinta aka kai shi. Da na gaya wa Inna sai ta ajiye muciya.

“Likitan mahaukata za ki kai min jika? A Sabon Gari kuma?”

“Ba ta mahaukata ba ce, Inna. Yara take gani.”

“Allura za ta yi wa tsoron?”

“Wai wasa suke yi.”

“Wasa! Nan gidan wasan ne ya ƙare?”

Ta yi ta mita har ta gama tuƙa tuwo. Da safe kuma ita ce ta tofa wa Raudha addu'a a ka, ta ce mu je mu gani.

Ofishin a saman wani kemis yake. Ƙarar janareta ta kowane gefe, ga wasu na koyon waƙar coci a gidan da ke baya. Madam Dina 'yar Wusasa ce ta Zariya, doguwa, da atamfa da 'yar furfura a gaban kai, Hausarta ta fi tawa fita. A bakin ƙofar ɗakin an jera takalma. Raudha na ganin su ta ƙame, ƙusoshinta suka shige min hannu.

Madam Dina ta kalli ƙafarta sau ɗaya, ba ta sake ba.

“A ɗakin nan kowa da yadda yake so,” ta ce. “Mai takalmi ya shigo da takalminsa.”

Ciki akwai darduma mai laushi, da tiren yashi, da kwandon 'yar tsana, da ƙananan motoci, har da wani ɗan adaidaita sahu ruwan ɗorawa na gwangwani. Zuwan farko Raudha ba ta taɓa komai ba. Na biyu ta zuba yashi a kofi ta juye. Na fara tunanin ko Inna ce ke da gaskiya. Madam Dina kuwa ni take ta yi wa tambayoyi a hankali: yaushe ciwon cikin yake tashi, me ke faruwa kafin ya tashi, wa ke shirin fita a lokacin.

Sai a nan na lura. Kullum ciwon yana zuwa ne daidai lokacin da nake shirin tafiya shagon ɗinkin da nake aiki.

“Asama'u, wannan ba hauka ba ne, ba kuma shagwaɓa ba,” ta ce. “Tsoron rabuwa ne ya zauna mata a jiki. Yaro bai iya cewa hankalina a tashe yake ba, sai cikinsa ya faɗa a madadinsa. Ana samun sauƙinsa. Addu'ar da Inna ke yi kuma ku ci gaba, ba ta hana wannan, wannan ma bai hana ta.”

An yi makonni muna zuwa kafin ranar da zan ba ku labari. Ina zaune a gefe ina duba waya, Raudha ta jawo kwandon da kanta. Ta ɗauko babbar 'yar tsana ta cusa a cikin adaidaitan gwangwani. Ta ɗauko ƙarama ta tsayar a gefe. Sai na ji murya ta ce:

“Je ki ɗauko takalminki mu tafi.”

'Yan uwa, wayar faɗuwa ta yi daga hannuna. Muryar Yaya Ikrama ce. Yadda take jan “tafi” a ƙarshe, da 'yar shaƙewar nan ta mai ciki, duka. Na waiga ƙofa kamar zan gan ta a tsaye da jan mayafinta.

Raudha ta ruga da ƙaramar 'yar tsanar ƙarƙashin kujera, tana ta lalube da ita.

“Me take nema?” in ji Madam Dina, murya ƙasa-ƙasa.

“Ɗaya ya shige ƙarƙashin gado. Hannunta bai kai ba.”

Da ɗaya hannun ta tura adaidaitan. Ya gangara a kan siminti har ya shige bayan kabad. Sannan ta fito da ƙaramar, ta tsayar da ita a inda motar take ɗazu. Ta daɗe tana riƙe da ita a wurin.

“Ta daɗe,” ta ce. “Shi ya sa aka tafi aka bar ta.”

“Da ta yi sauri fa?” in ji Madam Dina.

“Da an tafi da ita. Da Mami ba ta ɓata ba.”

Ban san lokacin da na fita baranda ba. Na riƙe ƙarfen bene ina kallon masu tura baro a ƙasa, hawaye na zuba a kan rumfar kemis.

Ranar da naƙuda ta kama Yaya Ikrama ina shago. Da muka koma gida daga wurin Madam Dina na tambayi Inna, ta ce haka aka yi. Yarinya ta riƙe zanin uwarta tana kuka, ga adaidaita na jira, ga ciwo. Uwar ta ce ta je ta ɗauko takalminta. Tana shiga ɗaki suka ja mota. Daga asibitin nan Yaya Ikrama ba ta dawo ba, ita da abin cikinta. Da Raudha ta tambaya, aka ce mata Mami ta yi tafiya.

“To mene ne a ciki?” in ji Inna. “Ke ma na yi miki. Ni ma an yi min.”

Gaskiya ta faɗa. Wa a cikinku ba a taɓa yi wa ba? Ka ruga ɗaki da murna, ka fito da takalmi a hannu, ka tarar da tsakar gida wayam. Mu dai iyayenmu suna dawowa da yamma da ƙuli-ƙuli ko alewa, mu manta. Ita tata uwar ce ba ta dawo ba. Shi ya sa ta ƙudura a ranta ba za a ƙara samun ta ba takalmi ba.

Madam Dina ta ce kada kowa ya taɓa takalmin, ita za ta cire da kanta ranar da ya gama aikinsa. Abin da ta nema a wurinmu ya fi wannan wuya.

“Daga yau ba mai sulale mata. In za ki fita, ki tsuguna ki gaya mata za ki fita, ki faɗi lokacin dawowa da abin da ta sani, kamar kiran salla. Za ta yi kuka. Ki bar ta ta yi, ki tafi, ki dawo a lokacin da kika ce. Dawowar ita ce maganin. Kuma ku gaya mata gaskiya a kan uwarta. Mai tafiya ana jiran sa ne, ita kuma jiran ne yake cin ta.”

A ɗakin Inna na gaya mata, bayan azahar, ta zauna a cinyata takalmin na gogar min ƙwauri. Na ce Mami ba tafiya ta yi ba, ta rasu, ta koma wurin Allah, kuma wanda ya rasu ba ya dawowa. Inna ta juya fuska bango tana jan carbi.

“Ko da na sa takalmin da wuri?”

“Ko da kin sa. Asibiti ta je, ba a zuwa da yara. Dama ba da ke za a tafi ba, Raudha. Ba daɗewarki ba ce.”

Ta sa bakin hijabi a baki tana taunawa.

“To ƙarya ta yi min?”

Sai Inna ce ta amsa, ba ta juyo ba.

“Don kada ki yi kuka ta faɗa. Ba ta kyauta ba, mu ma ba mu kyauta ba. Amma har ta hau motar nan tana waiwayen ƙofa.”

Ranar Raudha ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar.

Daga nan muka fara. In ce zan je wurin mai kanti a bakin lungu in dawo kafin ruwan shayi ya tafasa. Ta yi ihu, ta yi birgima, in tafi, in dawo. Madam Dina ta koya mata ta riƙa hura iska a hankali kamar mai fifita koko da baki in ƙirjinta ya fara bugawa. Wata rana abin ya yi, wata rana kamar ba a taɓa farawa ba. Amma ciwon cikin ya ragu. Ta fara yarda ta zauna wurin Inna har ma su yi faɗansu na kaka da jika, tana ce mata tsohuwa mai ƙwauron sukari.

Sai ranar awon jinin aure ta zo.

Na sa doguwar riga baƙa da mayafi ruwan zuma. Maje ya aro motar yayansa, yana waje yana danna hon. Saƙo ya shigo: “Ki fito mana, layi ake yi a wurin.” Raudha ta riga ta naɗe gefen mayafina a hannu, numfashinta sama-sama. Wannan ba fitar bakin lungu ba ce, ta gane daga kwalliyar.

Hon ya sake tashi. Inna ta kalli ƙofa, kunyar suruki ta kama ta, bakinta ya riga tunaninta.

“Raudha, je ki ɗauko hijabinki mai kyau ku tafi.”

Yarinyar ta sake ni ta ruga ɗaki da gudu. Inna ta yi min alama da hannu: wuce, wuce. Sai kuma ta ji abin da ta faɗa, ta dafe baki.

Wallahi ƙafata ta so tafiya. Soro ga shi nan kusa, ba kuka, ba ihu, ba Maje ya ji abin da uwarsa ke faɗa ya tabbata. Ina jin Raudha a ɗaki tana watsi da kaya, tana cewa “ina zuwa, ina zuwa, ga ni nan”, da wata irin murya da ba ta yara ba.

Na tsaya.

Ta fito a guje da hijabin a baibai, ta yi turus. Ba ta zaci za ta same ni ba. Wannan kallon ba zan manta shi ba har in mutu.

Na tsuguna. “Raudha, Inna ta yi kuskure. Ba da ke zan je ba. Asibiti za mu je ni da Kawu Maje a ɗebi jininmu, lafiyata ƙalau. Zan dawo kafin a kira la'asar.”

“Asibiti?” Idonta ya fito. “A'a! A'a, Anti Ma'u!”

Inna ta rungume ta ta baya. Ihunta ya bi ni har cikin mota. Maje ya kalle ni, ya kalli ƙofar gidanmu.

“Da kin lallaɓo kawai ai da ba a yi wannan ba.”

“Ja mota,” na ce.

A hanya na ba shi labarin 'yar tsana da adaidaitan gwangwani. Ya rage rediyo, daga baya ya kashe.

Layin ya fi yadda ya faɗa. Kafin a ɗebi jininmu an yi azahar da daɗewa. Muna hawa titin Ibrahim Taiwo muka faɗa cunkoso, wata motar atamfofi ta mutu a tsakiyar hanya, 'yan adaidaita sun cusa kai ta ko'ina. Rana ta fara karkata. Ina kallon agogon mota, ina jin cikina na murɗawa, na ce ashe haka take ji kullum.

Daga wani masallaci na ji ana gwada lasifika, ana ɗan bubbuga ta.

Na buɗe ƙofa.

“Ma'u! Ina za ki? Ki kira Inna a waya mana!”

“Ba waya na yi mata alkawari ba.”

Na tattare rigata na kutsa tsakanin motoci. Na bi ta lungunan Fagge ina gudu kamar ba budurwar da aka sa wa rana ba, na tsallake kwata, na ture wa wani mai lemo faranti ina ba shi haƙuri ban tsaya ba. Ladanin unguwarmu ya ɗaga murya daidai ina shan kwanar lungunmu.

Tana soro, a inda take zama. Fuskarta ta kumbura, leɓenta a tsuke tana hura kokon da babu. Inna na zaune a gefenta a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba.

“An fara kira,” in ji Raudha.

“An fara. Amma bai gama ba.”

Ta yi nazarin maganar kamar alƙali. Sannan ta gyaɗa kai.

Sai a lokacin na lura da ƙafarta. Ta dama tana cikin takalmi. Ta hagu kuwa tsirara take a kan siminti, fara fat kamar ba ta taɓa ganin rana ba, yatsun na motsi a hankali. Jan takalmin na gefe. Inna ta girgiza min kai, kada in yi magana.

Muna nan zaune har aka idar da salla, sai ga sallama. Maje ne, shaddarsa jiƙe da gumi, mayafin kafaɗata da ya faɗi a mota a hannunsa. Raudha ta yi wuf ta ɗauke takalmin daga ƙasa. Ta dube shi, karo na farko ido cikin ido.

“Kai ne za ka tafi da Anti Ma'u gidanku?”

Ya tsuguna a bakin soro. “Ni ne, 'yar sanda.”

“Da ni?”

Tambayar nan ce na yi masa a waya ya amsa min da zancen abinci. Na ga bakinsa ya buɗe zai ce “da ke mana”, irin yadda kowane babba zai faɗa don a wuce wurin. Ya kallo ni. Na girgiza kai. A raina na ce, ko me za ka ce, kada ka yi mata ƙarya.

Ya rufe bakin. Ya daɗe yana kallon 'yar farar ƙafar nan.

“Ban sani ba tukuna, Raudha. Sai na yi magana da Hajiyata, kuma maganar ba mai sauƙi ba ce. Amma ko da ke ne ko ba da ke ba, ni zan zo nan in gaya miki da bakina, kafin kowa ya taɓa akwatin Antinki.”

“Yaushe?”

“Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci.”

Ta juya takalmin a hannunta, ta shafa gurbin furen da ya ɓalle. Ni da Inna muna jiran ta mayar da shi ƙafa.

Ba ta mayar ba. Ta ɗora shi a cinya, ta dafe da hannu biyu.

Yau Laraba. Ƙafa ɗaya a takalmi take yawo a gidan nan, ɗaya takalmin kuma yana cikin aljihun rigarta. Ɗazu ta tambaye ni sau nawa za a kira salla kafin Juma'a.